'Yan Kwafi a Kundin Gado: Fashin Baƙi Kan Gutsattsarin DNA Masu Yaɗa Kansu

A shekarar 1988, wani likita mai bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Haig Kazazian, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan maza 240 masu fama da cutar rashin daskarewar jini, wadda mai ita kan daɗe yana zubar da jini ko da ɗan ƙaramin rauni ya samu. Abin da suke nema shi ne irin lahanin da ke cikin ƙwayar gadon da ke ba jiki umarnin haɗa furotin mai daskarar da jini. A wurin biyu daga cikin marasa lafiyar sai suka ci karo da abin da ba su zata ba, domin wani dogon baƙon rubutu mai haruffa dubbai ya shigo ya zauna a tsakiyar ƙwayar gadon, ya wargaza ma'anarta. Iyayensu ba su da wannan ƙari a wannan gurbi, wato sabon abu ne da ya faru. Bayan shekara 3 aka bi sawun ɗaya daga cikin rubutun biyu har aka gano tushensa a wani wuri dabam cikin kundin gado, a kan kuromosom na 22 (ɗaya daga cikin sassa 23 da aka kasa kundin a cikinsu), inda asalinsa yake zaune lafiya lau. Kwafin kansa ya yi, kwafin kuma ya je ya sauka inda ya yi ɓarna.

Irin wannan gutsure na DNA shi ne masana suke kira ritirotiransifoson. Saboda nauyin kalmar a baki, zan riƙa kiran su 'yan kwafi, tunda kwafi ne sana'arsu.

Jikin mutum ya ginu ne da ƙwayoyin halitta, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da kundin gado, wato dogon rubutu na DNA da aka yi da haruffa 4 kacal, tsawonsa kimanin haruffa biliyan 3, an kasa shi cikin kuromosom 23, ana gadon kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin wannan rubutu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ɗauke da umarnin haɗa furotin. Da aka fitar da daftarin farko na kundin gadon ɗan Adam a 2001, sai ga shi sassan da ke bayanin furotin ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, alhali kimanin kashi 45 cikin 100 ya samo asali ne daga gutsattsari masu ƙaura, kuma mafi rinjayensu 'yan kwafi ne. Wannan adadi ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nufin kusan rabin abin da muke gadar wa 'ya'yanmu sawun wasu baƙi ne da suka yi ta ninka kansu tsawon miliyoyin shekaru.

Barbara McClintock ce ta fara gano cewa wasu sassan gado ba sa zama wuri ɗaya. A shekarun 1940 ta yi ta nazarin masara mai dabbare-dabbare a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, ta fahimci cewa wasu gutsattsari ne ke shiga ƙwayar gadon launi su kashe ta, in sun fita launin ya dawo. An daɗe ba a ba aikinta muhimmancin da ya dace ba, sai a 1983 ta samu kyautar Nobel. Waɗanda ta gano suna yanke kansu ne daga wuri su koma wani, kamar mai tashi daga gida ya sake unguwa. 'Yan kwafi kuwa ba sa barin gurbinsu. A ƙa'idar da aka saba, ana karanta DNA a fitar da saƙon wucin gadi da ake kira RNA, daga shi a haɗa furotin. A 1970 Howard Temin da David Baltimore, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadari, a cikin wasu ƙwayoyin cutar bairus wanda ke juya wannan hanya, ya mayar da RNA ya koma DNA. A 1985 Jef Boeke da abokansa, a ƙarƙashin Gerald Fink, suka nuna cewa wani gutsure a kundin gadon yis, wanda ke kumbura burodi, yana bin wannan hanya ta baya wajen ƙaura, kuma daga nan sunan ritirotiransifoson ya samo asali, domin ritiro na nufin komawa baya. Tunda asalin yana nan daram, kwafi kuma ya samu sabon gurbi, kowace ƙaura ƙari ce a kan kundin.

A jikin mutum, wanda ke riƙe da ragamar wannan aiki shi ne ake kira LINE-1, ko L1 a taƙaice. Cikakkensa yana da haruffa kimanin 6,000, yana kuma ɗauke da umarnin furotin 2. Idan ƙwayar halitta ta karanta shi ta fitar da RNA, sai a haɗa furotin ɗin nan biyu, su kuma su maƙale wa RNA ɗin da ya haife su, su rako shi zuwa cibiyar ƙwayar inda DNA yake. Furotin na biyu shi ne gwanin aikin: yana da bakin da ke tsaga DNA a wurin da haruffan T da A suka yi yawa, yana kuma da hannun da ke rubuta sabon DNA daga RNA a nan bakin tsagar, sannan masu gyaran DNA na ƙwayar halittar su zo su ɗinke wurin kamar yadda za su ɗinke kowace irin tsaga. Aikin ba ya cika kammaluwa, domin rubutun yana farawa ne daga wutsiya, kuma sau da yawa yana katsewa kafin ya kai kai, sai a samu guntun kwafi da ba zai ƙara motsi ba. Shi ya sa, ko da yake akwai kwafin L1 kimanin 500,000 da suka mamaye kashi 17 cikin 100 na kundinmu, waɗanda ke da ƙarfin ƙaura a jikin mutum guda ba su wuce 80 zuwa 100 ba, kuma kaɗan daga cikinsu ne ke yin mafi yawan aikin. Sauran kufai ne, suna ta ruɓewa a hankali yayin da haruffansu ke sauyawa.

Akwai kuma cima-zaune a cikinsu. Wanda ake kira Alu bai wuce haruffa 300 ba, ba shi da umarnin furotin ko guda, amma RNA ɗinsa ya iya laɓewa kusa da inda ake haɗa furotin ɗin L1 ya sace shi ya yi amfani da shi. Da wannan dabara ya kai kwafi sama da miliyan 1, kimanin kashi 10 cikin 100 na kundin, kuma a mutane da dangogin birai kaɗai ake samun sa. Wani ƙaramin dangi mai suna SVA, wanda bai kai kwafi 3,000 ba, shi ma da kayan aikin L1 yake tafiya. Kiyasin masana ya nuna cewa a cikin haihuwa 20 zuwa 40 akan samu jariri guda da ke ɗauke da sabon kwafin Alu wanda babu shi a jinin iyayensa.

Rukuni na ƙarshe, kimanin kashi 8 cikin 100 na kundinmu, ragowar ƙwayoyin cutar bairus ne na zamanin da, 'yan uwan ƙwayar HIV mai karya garkuwar jiki. HIV tana cusa rubutunta ne a cikin DNA na ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda shi ne dalilin da ya sa magani ke danne ta amma ba ya tumɓuke ta. Idan irin wannan bairus ya shiga ƙwan mace ko maniyyi, to ya shiga layin gado ke nan, zuriya za ta gaje shi kamar yadda take gadon launin fata. A wurin mutum waɗannan sun daɗe da mutuwa, amma a Ostareliya ana ganin abin yana faruwa yanzu a jikin dabbar koala, inda wani bairus yake kan shiga kundin gadonsu, wasu garken suna da shi a gado, wasu ba su da shi.

Tambayar da kowa kan yi a nan ita ce, mene ne amfaninsu? A 1980 Leslie Orgel da Francis Crick a gefe guda, Ford Doolittle da Carmen Sapienza a ɗaya gefen, suka ba da amsar da har yau nake ganin ita ce ginshiƙin fahimtar lamarin: abin da ya iya kwafar kansa cikin layin gado ba ya buƙatar ya amfani mai ɗauke da shi kafin ya yawaita, ya ishe shi kada ya kashe shi. Manomi ya san wannan a jikin kauci, wanda ke rayuwa a kan reshen bishiya ba don bishiyar ta gayyace shi ba. Amfanin gona ma ya ba da shaida mai ƙarfi. Kundin gadon shinkafa bai kai haruffa miliyan 400 ba, na dawa kimanin miliyan 730, na masara kimanin biliyan 2.3, na alkama kuwa ya kai wajen biliyan 16, alhali duk dangin ciyawa ne masu ƙwayoyin gado masu kama da juna. Babban abin da ya bambanta su shi ne yawan 'yan kwafi, waɗanda suka kai kusan kashi 26 cikin 100 a shinkafa, kashi 55 a dawa, sama da kashi 75 a masara. Binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa kundin masara ya kusan ninkuwa cikin 'yan miliyoyin shekaru saboda 'yan kwafi da suka riƙa faɗawa cikin juna, kwafi a cikin kwafi. Albasa ma kundinta ya ninka na mutum kusan sau 5, kuma babu mai cewa ginin albasa ya fi na mutum sarƙaƙiya.

Jiki bai zuba musu ido ba. Babbar garkuwarsa ita ce liƙa wa DNA ɗinsu wata alamar sinadari da ake kira metil, wadda ke sa a naɗe wurin a rufe shi ruf yadda ba za a karanta shi ba. A ƙwayoyin da ke samar da maniyyi akwai wasu ƙananan RNA da ke farautar saƙon 'yan kwafi su daddatsa shi, kuma ɓerayen da aka cire wa wannan kariya kan zama marasa haihuwa. Akwai kuma ɗaruruwan furotin masu gadi, kowanne ya haddace kamannin wani dangi na 'yan kwafi. Wani bincike na 2014 ya nuna yadda wannan gwagwarmaya ke gudana: wani mai gadi da ake kira ZNF93 ya danne wani reshe na L1, sai daga baya aka samu L1 da ya zubar da haruffa 129 daidai wurin da mai gadin ke kamawa, ya kuɓuce ya ci gaba da yaɗuwa.

Abin da ke faruwa idan murfin ya sassauta an gan shi a kwakwar manja, itaciyar da asalinta Afirka ta Yamma ce amma Malesiya da Indonesiya suka mayar da ita babbar sana'a. Da masu gonaki suka fara ninka itatuwa masu yawan mai a ɗakin gwaji, sai wasu daga cikinsu suka riƙa haifar da gurɓatattun 'ya'ya marasa mai sosai, kuma ba a gane matsalar sai bayan shekaru, lokacin da itaciyar ta fara 'ya'ya. A 2015 masu bincike suka gano cewa haruffan gadon ba su sauya ba ko kaɗan. Alamar metil ce ta goge daga kan wani ɗan kwafi da ke zaune cikin ƙwayar gadon da ke tsara fure.

A ɓangaren cuta, hanyar da Kazazian ya gano ita ce mafi sauƙin fahimta, kuma an tattara misalai sama da 120 na cututtukan gado da sabon kwafi ya haddasa. Wani lokaci kwafi guda da ya faru a jikin kaka ɗaya kan bazu cikin al'umma. A Japan akwai cutar shanyewar tsoka ta yara da ake kira Fukuyama, wadda aka gano a 1998 cewa kwafin SVA ne sanadinta, kuma mafi yawan masu ita daga tushe ɗaya suka gaje shi. A tsibirin Panay na Filifin akwai cutar murɗewar jiki da karkarwa da mutanen wurin ke kira lubag, mai kama maza galibi, ita ma kwafin SVA ce a kan kuromosom X. Matattun kwafi ma suna da nasu haɗarin: tunda Alu miliyan guda suna kama da juna, a lokacin da kuromosom ke musayar sassa sai wani ya jeru da wanda ba abokinsa ba, abin da ke tsakaninsu ya ɓace ko ya ninku. Tun 1985 aka ga haka a wurin masu gadon yawan kitsen jini.

A cutar daji kuwa, murfin metil yakan sassauta a faɗin kundin, L1 ya farka. A 1992 aka samu kwafin L1 a tsakiyar wata ƙwayar gado mai hana ƙari, a cikin dajin babban hanji, alhali babu shi a lafiyayyen naman mara lafiyar. Wani babban bincike na 2020 a kan ƙari kusan 3,000 ya samu sabbin kwafi a kimanin kashi 35 cikin 100, musamman a dajin bututun abinci da na huhu da na kai da wuya da na babban hanji. Ya kamata a yi adalci a nan, domin mafi yawan waɗannan kwafi sakamakon ruɗanin da ke cikin ƙwayar daji ne, kaɗan ne daga cikinsu ke tura cutar gaba.

Akwai kuma wata hanyar cutarwa da ta fi ba ni mamaki. Idan DNA ɗin da L1 ya rubuta ya taru a cikin ƙwayar halitta, jiki kan ɗauka bairus ne ya shigo, sai ya tayar da garkuwa a kan kansa. Ana danganta wannan da wata cutar gado ta jarirai mai suna Aicardi-Goutières, wadda alamunta ke kama da na jaririn da ya kamu da bairus a ciki alhali babu bairus ɗin. A 2019 ƙungiyar John Sedivy a Jami'ar Brown ta nuna cewa L1 yana farkawa a tsofaffin ƙwayoyin halitta, kuma maganin lamivudine, wanda masu ɗauke da HIV ke sha a asibitocinmu, ya rage kumburin da ke tattare da tsufa a jikin ɓeraye, saboda yana toshe enzayim ɗin da ke mayar da RNA zuwa DNA. Sakamakon ɓeraye ne, kuma bai zama hujjar da lafiyayyen mutum zai nemi maganin don gudun tsufa ba.

Duk da haka, wannan aiki da ke kawo cuta shi ne kuma ya samar da wasu abubuwan da rayuwarmu ta rataya a kansu. Misalin da ya fi kowanne girma shi ne mabiyiya. A inda mabiyiya ke haɗuwa da jinin uwa akwai wani shimfiɗaɗɗen bango da ya samu ta hanyar narkewar ƙwayoyin halitta masu yawa cikin juna, ta nan abinci da iska ke ratsawa zuwa ga ɗan tayi. A shekarar 2000 aka gano cewa furotin ɗin da ke narkar da su, mai suna sinsitin, asalinsa na wani tsohon bairus ne, wanda da shi yake manne wa ƙwayar halitta ya kutsa cikinta. Ƙungiyar Thierry Heidmann a Faransa ta cire makamancinsa daga ɓeraye a 2009, sai 'ya'yan suka mutu a ciki saboda mabiyiyar ba ta ginu ba. Ɓera da zomo da kyanwa da tunkiya duk suna da nasu, kuma kowane dangi daga wani bairus dabam ya samo shi. A ƙwaƙwalwa ma akwai furotin mai suna Arc da ake buƙata wajen ɗorewar abin da aka koya. A 2018 aka nuna cewa daga ɗan kwafi ya fito, kuma har yanzu yana dunƙulewa kamar ƙwanson bairus ya ɗauki RNA daga wata ƙwayar jijiya zuwa wata. Wani bincike na 2024 ya danganta rashin jela a mutane da manyan birai irin su gorila da wani kwafin Alu da ya shiga ƙwayar gadon TBXT kimanin shekaru miliyan 25 da suka wuce, kuma ɓerayen da aka yi wa makamancin sauyin sun fito da guntuwar jela ko babu ita sam. Jan lemon nan na Sisili a Italiya, wanda cikinsa ke yin ja kamar jini, ɗan kwafi ne ya zauna gaban ƙwayar gadon launi yana kunna ta idan an yi sanyi, shi ya sa ba ya yin ja sosai a ƙasa mai zafi.

Waɗannan misalai sun sa wasu marubuta suna cewa an yi kuskure tun farko da aka kira wannan yanki na kundi shara, kalmar da Susumu Ohno ya yaɗa a 1972, har ma wani babban shiri mai suna ENCODE ya sanar a 2012 cewa kashi 80 cikin 100 na kundin yana da aiki. A ganina wannan ya wuce gona da iri, kuma masana da yawa sun ƙalubalance shi a lokacin, domin ganin ana karanta wani yanki ko furotin yana sauka a kansa bai nuna cewa jiki na buƙatarsa ba. Idan aka jera misalan da aka tabbatar da amfaninsu, ko da sun kai dubbai, ba su kai komai ba a gaban kwafi miliyoyi. Abin da hujja ta fi nunawa shi ne 'yan kwafi suna yaɗuwa ne don kansu, jiki yana danne su, mafi yawansu su mutu ba amfani ba illa, wasu su cutar, kuma can ba a rasa ba wani ya faɗa inda ya dace har zuriya ta riƙe shi ta mayar da shi nata.

Ko matattun suna da wani amfani ga mai bincike. Da wuya kwafi ya sauka a gurbi ɗaya sau biyu, kuma da wuya ya fita sumul bayan ya shiga, saboda haka halittu biyu da ke da kwafi iri ɗaya a gurbi ɗaya daga kaka ɗaya suka gaje shi. Da wannan hujja ƙungiyar Norihiro Okada a Japan ta nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa dorina ce mafi kusancin dangi ga manyan dabbobin teku masu shayarwa da ake kira wel.

Wahalar ita ce gano su. Na'urorin karanta DNA da aka fi amfani da su suna karanta gutsattsari ne masu haruffa 100 zuwa 150, kuma idan gutsure ya fito daga Alu, kwamfuta ba ta san wanne daga cikin miliyan za ta jingina shi gare shi ba. Sai a 2022, da taimakon na'urori masu karanta dogon zango, aka kammala kundin mutum daga farko har ƙarshe. Wata yarinya a Amurka mai cutar lalacewar ƙwaƙwalwa ta Batten ta nuna abin da wannan giɓi ke jawowa: gwajin farko ya gano lahani ɗaya ne kawai daga cikin biyun da ake nema, sai da ƙungiyar Timothy Yu a asibitin yara na Boston ta duba dukan kundinta sannan ta ga kwafin SVA a ɓoye, ta kuma haɗa mata magani nata ita kaɗai a 2018, wanda ya rage mata farfaɗiya ko da yake bai warkar da ita ba. Kafin likita ya ce wani kwafi ne sanadin cuta, sai ya san waɗanne kwafi ne lafiyayyun mutanen al'ummar mara lafiyar ke ɗauke da su. Shirin kundin gado 1,000, wanda ya kammala a 2015 da mutane 2,504 daga al'ummomi 26, ya lissafa wurare sama da 16,000 inda wasu mutane ke da kwafi wasu ba su da shi, kuma 'yan asalin Afirka ne suka fi kowa yawan irin wannan bambanci. Daga nahiyar an ɗauki samfurin Yarabawa na Ibadan da Esan a Najeriya, da Mende na Saliyo, da mutanen yammacin Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Hausawa a cikin jerin, babu Kanuri, babu kowace al'umma daga Nijar ko Chadi ko Sudan.